Ranar Da Aka Ji Tambari A Gidanmu

Akwai labarin da kuke ba 'ya'yanku, na ji shi da kunnena a bakin wata jikata ranar wani suna, wai kakanku Baba ya taɓa sa an kaɗa tambari a cikin gidansa da rana tsaka, Sarki na raye, kuma aka rasa yadda za a yi da shi. Labarin da daɗin ji, har ni da na san gaskiya sai da na ji kaina ya ɗan yi girma. Sai dai ba haka aka yi ba. Babu tambari, babu makaɗi. Ni ce, surukarsa, ina da shekara goma sha tara, na murɗa wani ɗan maɓalli da bai kai bakin ludayi girma ba, na kusa sa a kori tsoho daga garin ubansa. Waɗanda suka san maganar duk sun riga ni tafiya, shi ya sa nake so in ajiye muku ita yadda take tun bakina na iya faɗa.

Sai kun fara sanin ko wane ne Baba. Garinmu yana bayan Bungudu, ta wajen Nahuce. Ba zan faɗi sunan garin ba, kun san shi, kuma jikokin mutanen da zan ambata yanzu surukanmu ne. Mahaifin Baba shi ya yi sarautar garin, kabarinsa na nan bayan gidanmu gindin tsamiya. Da ya rasu sai aka ba wani gida sarauta. Baba a lokacin jininsa na tafasa, ya ƙi kai caffa, ya tara mutane, aka kore shi. Shekara ashirin ya yi a wani ƙauye can wajen Wanke yana noman gero a gonar aro. Sai da gemu ya yi fari aka bar shi ya dawo, bisa sharaɗi uku: ba taro a ƙofar gidansa, ba maroƙi, ba kiɗa ko na kalangu. Tambari kuwa ba a ma maganarsa. Ku yaran yanzu ba ku san nauyinsa ba. Tambari gangar sarauta ce, ba mai shi sai Sarki, ba a kaɗa shi sai da dalili, kuma babban dalilin shi ne an yi sabon sarki. Tun lokacin rikicin ake raɗe-raɗin ɗaya daga tamburan fada ya ɓace, wai yana hannun Baba. Bai taɓa cewa e ba, bai taɓa cewa a'a ba. Ina jin daɗin zancen yake ji.

Ni kuwa 'yar Gusau ce, a bakin tashar jirgin ƙasa na girma, ubana tela. Tun ina ƙarama nake taɓa keken ɗinkinsa in ya juya baya, an duke ni a kan haka har an gaji. Mahaifinku direban babbar mota ne, yana ɗaukar gyaɗa da auduga tsakanin Bungudu da Gusau da Tsafe, a Gusau ya gan ni. Da aka kai ni garinsu na ga shiru irin wanda ban taɓa gani ba. Gida babba, mutane kaɗan, kowa na magana ƙasa-ƙasa kamar ana jinya. Ko daka in za a yi, Inna, uwar mijina, sai ta ce a yi shi ba lugude, kada a ce kiɗa ne. Baba kuwa ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na ji takunsa sai in shige ɗaki, shi ma in ya ji motsina sai ya yi gyaran murya ya canza hanya. Haka ake yi tsakanin suruki da matar ɗa, shekara guda ina gidan bai taɓa ce mini uffan ba.

A cikin shekarun hamsin ne, ana saura 'yan shekaru a ba da mulkin kai, mahaifinku ya shigo da akwatin. Wani Baturen jirgin ƙasa ne zai koma gida ya sayar masa. Mutum huɗu suka ɗauko shi. Katako ne mai sheƙi, tsayinsa ya kai ƙuguna, rediyo a gaba, garmaho a sama in ka ɗaga murfi. Faifan da hannu ake ɗaure masa, ka yi ta juya mariƙi har ya yi tauri, amma muryar da batirin mota take fita. An haɗa masa da fayafayi goma sha biyu. Inna ta tsaya bakin ƙofa ta ce a fitar mata da shi. Mahaifinku ya lallashe ta, ya ce don labaran duniya ne, kuma a can ƙuryar ɗakina za a sa shi, ba mai ji. Aka jingina shi a kusurwa, bayansa manne da bangon da ke kallon hanyar rijiya.

Maɓallai huɗu ne a gabansa, duk murɗa su ake yi. Ɗaya na kunnawa da ƙara ƙarfi, ɗaya na neman tasha. Sauran biyun su ne abin mamaki a wurina. Ba su ƙara ƙarfi, ba su rage shi, launin muryar suke canzawa. Mahaifinku ya sa musu suna, na dama na mata, na hagu na maza. In ka murɗa na mata sai sauti ya yi siriri ya yi kaifi, har ka ji allura na karce faifai. In ka murɗa na maza sai ya yi kauri ya sauka ƙasa, irin abin nan da jikokina ke cika mini kunne da shi a mota suna ce masa bes. Ya zaunar da ni ya koya mini kamar yana koya wa karen mota.

"In labarai za ki ji, rage na maza, ki ɗan ƙara na mata, magana ta hito tas. In kiɗa na, ki bar su tsakiya."

"In na kai shi ƙarshe hwa?"

"Ba ki kai shi."

Ya ɗauko ƙusa ya yi ɗan zane a jikin katakon, kaɗan da wuce tsakiya. Ya ce nan ne iyakata. Ya ce bayan nan batir yake sha, kuma kwanoni ke rawa. Da ma bai faɗi zancen kwanonin ba, don tun daga ranar nake son in ga rawar tasu.

Na fi wata uku ina bin doka. Cikin fayafayin akwai wani mai jar takarda a tsakiya, na kiɗan Turawa, babu waƙa. Yana farawa da busa-busa siriri, can sai wata babbar ganga ta shigo, a hankali, bugu ɗaya, a tsaya, bugu biyu, a tsaya. In maɓallin maza na tsakiya ba ka cika lura da ita ba. In ya kai kan zanen ƙusa sai ka fara jin ta a ƙirji. Ni kuma abin da take tuna mini shi ne jirgi in ya taso daga nesa, kafin a gan shi, ƙasa na amsawa a tafin ƙafa. Kewar gida nake yi, ba wani abu ba.

Ranar wata Litinin ce cikin damina, bayan azahar. Mahaifinku ya kwana biyu da tafiya Tsafe. Inna ta shiga maƙwabta barka, Baba na zaurensa can gaba. An sani Sarki na kwance, ya fi mako bai fito ba, amma wannan bai zo mini a rai ba ko kaɗan. Na rufe ƙofa, na sake labule, na ɗaure garmaho, na ɗora faifan. Da gangar ta shigo sai na kama maɓallin hagu na wuce zanen, na ci gaba har ya tsaya da kansa. Na ƙara na ƙarfi. Wallahi ban taɓa jin abu mai daɗi haka ba. Jeren kwanonina suka ɗauki rawa, ƙasa ta riƙa zubowa daga rufi kaɗan-kaɗan, na zauna dirshan a daɓe ina jin bugun a bayana. Da ya ƙare na sake sa shi. Abin da ban sani ba, bangon ƙasa yana shanye siririn sauti, kaurin kawai yake bari ya wuce. Ni a ciki ina jin busa da goge da komai. Mata a bakin rijiya ba abin da ke kai musu sai bugun gangar, ɗaya, a tsaya, biyu, a tsaya, yana fitowa daga gidan Baba.

Da na kashe sai na ji garin ya yi tsit. Ba daka, ba muryar yara. Na ɗauka kunnena ne. Sai ga Inna ta faɗo gida ba takalmi, mayafi a hannu, ta wuce ɗakina ko kallo, ta nufi zaure tana kiran Baba da sunan da ban taɓa jin ta kira shi da shi ba.

"Mi kay yi muna? Bayan shekara ashirin, mi kay yi muna?"

Ban ji amsar da ya ba ta ba. Kafin la'asar dogarai biyu sun zo. Na leƙa ta kafar zana na ga jan rigarsu, na ga Baba a tsakaninsu yana tafiya da sandarsa. A nan na gane abin da mutane suka ji. Na koma ɗaki na lulluɓe akwatin da zane kamar wanda zai gudu, na zauna. Zufa ta jiƙa mini riga duk da sanyin ruwan da aka yi da safe.

Abin da ya faru a fada a bakin Inna na ji, ita kuma a bakin wanda yake wurin. Sarki bai iya fitowa ba, Sarkin Fada ne ya zauna a madadinsa. Shaidu sun fi goma, kowa ya rantse ya ji tambari sau biyu. Wasu har sun fara salati, sun ɗauka Sarki ya cika. Aka tambayi Baba ko shi ya sa aka kaɗa. Shi da yake zaurensa ya ji bugun kamar kowa, bai san daga ina ya fito ba. Da ya ce ban sani ba, da an bincika tun ranar. Amma sai ya gyara zama ya ce:

"Waɗanda sunka ji, su za a tambaya."

Aka juya tambayar ta kowace fuska, bai ƙara ko kalma ba. Sarkin Fada ya yanke: nan da Juma'a ya fito da tambarin ya nemi gafara a bainar jama'a, in ba haka ba a rubuta takarda zuwa sama, ya bar garin, wannan karon ba dawowa. Aka sa dogari ɗaya ya zauna a ƙofar gidanmu.

Mutum mai shekara saba'in da wani abu, ƙafa na ciwo, ina za shi? Inna ta zauna a tsakar gida tana faɗin abin da ni ma na sani, cewa in ya fita gawarsa ma ba za a bari ta shigo ba, a ƙasar wasu za a rufe shi, shi da ya yi shekara ashirin ba ya roƙon Allah komai sai ya kwanta kusa da ubansa. Ina jin ta ina tuƙa tuwo, muciya na kuɓuce mini. Na yi ta sauraron ƙarar mota ko mahaifinku zai dawo ya ɗauke mini wannan kaya, sai labari ya zo ruwa ya cinye hanya bayan Tsafe, motoci sun yi layi, ba ranar wucewa. Da magariba na kasa. Na durƙusa gaban Inna na faɗa mata komai. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta tashi ta nufi turakar Baba.

Ina ɗaki na ji takun sanda ya tsaya a bayan labulena. Gyaran murya. Na tsuguna duk da ba ya ganina. Wannan ne karo na farko da ya yi mini magana.

"Ɗiyar Gusau."

"Na'am, Baba."

"Abin da kinka hwaɗa ma uwarku, ban ji shi ba. Ke ma ba ki hwaɗe shi ba. Kin jiya?"

"Baba, korar ka za su yi."

"An taɓa yi, ban mutu ba. Ki bar akwatinki ruhe."

Ya juya ya tafi. Na ɗauka kare ni yake yi, kada a ce matar ɗansa ta jawo fitina, har na yi kuka don tausayinsa. Sai da kwana biyu suka wuce na fahimci ba haka ba ne kawai. Talata da Laraba gidanmu ya canza. Mutanen da suka yi shekaru ba su taka ƙofarmu ba suka riƙa zagayowa ta baya, ta wajen tsamiya, don kada dogari ya gan su. Wani ya kawo goro, wani ya kawo zabo. Tsofaffi suna durƙusawa suna gaishe shi da gaisuwar da aka hana. Baba ya sa aka fito masa da rawanin da ke ƙasan adaka, ya naɗa. Tafiyarsa ma ta canza, sandar a hannu kawai take. Inna ta ce rabon da ta ga ya cinye tuwonsa tas tun suna Wanke. Ita kuwa ta fara ɗaure kaya, tana kuka tana naɗe tabarmi.

Ni ban runtsa da dare ba, ban ci abin kirki ba. Tsoro biyu ne suka sa ni a tsakiya. In na yi shiru, Juma'a za a fitar da tsoho a kan jaki saboda abin da hannuna ya yi, in rayu da wannan. In na yi magana, na karya maganar surukina, maganarsa ta farko gare ni, kuma ban san abin da fada ke yi wa macen da ta tayar da gari ba. Na taɓa ganin an yi wa wata bulala a Gusau ina yarinya, hoton ya riƙa dawo mini. Ga wani abu kuma da ni kaɗai na sani: batirin ya kwana biyar ba a ɗora shi a mota ya yi caji ba, na kuma sha shi sau biyu ranar Litinin. In batir ya yi sanyi, kaurin nan ne ke fara mutuwa. Kowace rana ta wuce, shaidata na raguwa.

Alhamis da hantsi aka zo bincike. Dogarai suka duba zaure da rumbuna da turakar Baba. Ɗakunan mata kuwa namiji ba ya shiga, sai aka turo jakadiya, wata dattijuwa doguwa mai jan baki don goro, ita ce ke kai saƙon fada cikin gidaje. Ta duba ɗakin Inna, ta shigo nawa. Ta leƙa ƙarƙashin gado, ta ƙwanƙwasa randa, ta zo ta yaye zanen da ke kan akwatin.

"Wanga hwa?"

"Rediyo na, Iya."

Ta taɓa shi da yatsa, ta mayar da zanen, ta juya za ta fita. Da na bar ta ta kai ƙofa shi ke nan. Ban san lokacin da na riƙe mata gefen zane ba.

"Iya, shi anka ji ran Litinin. Ni nak kunna shi."

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Yarinya, kin san abin da kike hwaɗi? Akwati ka kaɗa tambari?"

"A zo a tsaya inda anka tsaya ran nan, a ji."

Bayan azahar aka taru a bakin rijiya, bayan bangon ɗakina. Sarkin Fada da shaidu, da duk wanda ƙafarsa ke iya kawo shi. Aka zo da Tambura, wato shugaban makaɗan tambarin fada, tsoho ne tukuf, ya kaɗa wa mahaifin Baba yana saurayi. Ranar Litinin yana gona can nesa, bai ji komai ba. Aka ce kunnensa ne zai raba gardama. Baba ma aka ce ya zo ya tsaya. Ni ina ciki, jakadiya a kaina, ita ce idon fada. Akwai 'yar taga a sama kusa da rufi, ta nan nake jin hayaniyarsu.

Na ɗaure garmaho, sau biyu allura na zamewa. Na kunna. 'Yar fitilar gaban rediyon ta kama, amma ja-ja, ba haske irin na da. Na fara da maɓallin maza a ƙasa, don in nuna bambanci. Faifai ya yi ta juyawa, busa ta cika ɗakin. Daga waje wani ya ɗaga murya ya ce su ba su ji komai ba sai kamar kukan sauro. Wani ya ce ai da ma, tsoho ya ɓoye ganga ya turo yarinya ta yi musu wasa da hankali. Jakadiya ta ce mini, a hankali:

"In kina da abin nunawa, yanzu na."

Na kama maɓallin. Na san Baba na tsaye bayan bangon nan da rawaninsa. Na wuce zanen ƙusa na kai shi ƙarshe, na buɗe ƙarfin duka. Gangar ta shigo. Kwanoni suka ɗauka, jakadiya ta ja da baya ta dafe ƙirji tana salati. Waje ya yi tsit kamar ranar Litinin. Da faifan ya ƙare na ji muryar wata mata tana cewa shi ne, wallahi shi ne. Sai wata tsohuwar murya mai rawa ta ce a sake.

Na dubi fitilar, ta ƙara dushewa. Na ɗaure, na sake ɗorawa, ina karanta duk abin da na iya a zuci. Bugun ya fito, bai kai na farko ƙarfi ba, amma ya fito. Ya ƙare. Muryar ta ce a sake kuma. A karo na uku busar ta fara shaƙewa tun daga farko, ina ji ina gani sautin na narkewa. Gangar ta yi bugu kamar shida, sannan fitilar ta mutu, faifai ya ci gaba da juyawa ba abin da ke fita sai ƙarar allura. Na zauna a ƙasa na rufe fuska. Na ce shi ke nan, sun ce ƙarya ce.

Da Tambura ya buɗe baki kowa ya ji shi, har ni.

"Wanga ba tambari ba na. Shekara sittin ina kiɗi, ban taɓa bugu biyu sun zo iri guda ba, hannu ba ya yin haka. Wanga sau ukku, inda yat tsaya nan yaka tsayawa. Kuma tambari magana shikai, shina kiran sunan mai shi da na ubanai. Wanga bai kira kowa ba. Ku tahi gida."

Sai wani ya yi dariya. Daga nan ta bazu, maza da mata, har da shaidun da suka rantse, kowa na dariyar kansa yana dariyar ɗan'uwansa. Kwana huɗu gari na cikin tsoro, sai ya zube a wuri ɗaya. Cikin dariyar wani mara kunya ya ce a gaida Sarkin Akwati. Aka ƙara fashewa. Sarkin Fada ya tsawatar, ya ce magana ta mutu, ba kora, ba takarda, akwatin dai kada a ƙara wuce da shi inda mai shi ya yi zane. Ni ko tsawa ba a yi mini ba. Jakadiya ma da za ta fita sai da ta ce wata rana za ta dawo in sa mata mai waƙa.

Na ji shigowar Baba. Sandar ta dawo aikinta, ina jin yadda yake dogara ta. Ya wuce ƙofata bai yi gyaran murya ba. Inna ta ce da ya shiga turaka ya warware rawanin da kansa, ya ninke, ya ce a mayar ƙasan adaka. Masu zagayowa ta bayan gida ba wanda ya sake zuwa. Sunan nan kuwa ya bi shi, yara na faɗa in ya wuce, har ya daina zuwa masallacin Juma'a da ƙafa ta cikin kasuwa, daga baya ya daina fita gaba ɗaya. Sarki ya warke, har ya aiko masa da riga don a nuna ba komai. Bai taɓa sa ta ba.

Mahaifinku ya dawo ranar Asabar, laka har gwiwa. Ya ji labari tun daga Bungudu. Ya shigo ya tsaya yana kallon akwatin, ya dube ni, na jira duka ko saki. Sai ya ce, "Kin kyauta, kuma ba ki kyauta ba." Ya cire maɓallin hagu da abin kwance ƙusa ya sa a aljihu, ya bar ɗan ƙarfen tsirara a tsakiya. Inna ita kaɗai ta gode mini, ita ma a ɓoye, ta kwance kayan da ta ɗaure tana sa mini albarka ƙasa-ƙasa.

Tun zuwana gidan ni ke dama wa Baba furar rana, Inna ta kai masa. Washegarin abin nan na dama, aka dawo da ƙwaryar yadda aka kai ta. Jibi ma haka. Inna ta ce in bari ita ta riƙa damawa, na ce a'a. Kullum in dama, kullum ta dawo, in ba almajirai su sha. Damina biyu muka yi a haka. Bai zage ni ba, bai kai ƙarata wurin ɗansa ba, bai kuma ƙara ce mini komai ba. Maganarsa ta farko gare ni ita ce ta ƙarshe.

Ya rasu a ɗakinsa, a kan gadonsa, bayan an cire amfanin gona. Aka rufe shi gindin tsamiya, tsakaninsa da ubansa bai fi taku uku ba. Ina tsaye a bayan zana ina jin ana zuba ƙasa. Na san ni na sama masa wannan wurin, na kuma san abin da na karɓe masa kafin ya same shi, kwana huɗun da ya yi yana ɗan sarki. Na yi shekaru ina auna su biyun, har yau ban ce ga wanda ya fi nauyi a wurinsa ba. Amma in da za a mayar da ni ɗakin nan, jakadiya ta juya za ta fita, zan sake riƙe mata zane. Ku daina cewa ya kaɗa tambari. Ku yi masa addu'a, ku haɗa da ni, don bai yafe mini ba.